Idon Kunamar Ruwa

Ku da kuka zo sitaj, koyon aiki, bana, jiya na ji ɗayanku, wancan mai tabarau da ke sunkuyar da kai, yana cewa aikin ido ai ba wani abu ba ne, ka wanke, ka matsa man pomad, ka sallami mai dabba. To madalla da likita. Ku ja benci ku zauna, tunda yau ko akuya ba a kawo mana ba. Ni Isufu, tun kaina yana baƙi wuluk nake wanga sarwis na kiwo, asibitin dabbobi, a Tasawa, kuma har gobe akwai aikin ido guda da ban san wa ya yi shi ba, ni ne ko wani. Zan kai ku can, amma sai kun fara jin inda na fito.

Bijimin farko da na riƙe wa kai a Bawdeta ne, ina bin maigidana, marigayi Abdu Bawa, wanda ya koya mini aikin. Ƙaiƙayin gero ya shige mishi ido, ƙuda suka bi, idon ya yi fari fat yana zubar ruwa. Muka sa igiya muka kayar da shi, na danne ƙaho da gwiwa, yana huci yana watsa mini majina a fuska. Maigida ya wanke idon da ruwan gishiri, ya zaro ƙaiƙayin da pans, ɗan hantsakin nan namu, ya cika da pomad, sannan ya haɗa fatar ido ta sama da ta ƙasa ya ɗinke. Bafillacen da ke da bijimin ya daka tsalle. Ya ce, "Kai, likita! Na kawo a buɗe ido, ka rufe shi ruf?" Maigida bai ko ɗaga kai ba, ya ce mishi ya koma ya dawo bayan kasuwa biyu. Da ya dawo aka warware zaren, ido ya fito garau, Bafillace ya rinƙa leƙawa yana salati. Ranar na koyi cewa fatar ido ita ce rabin maganinmu. Ita ke tsare ƙuda, ita ke tsare rana, ita ke riƙe pomad inda ka sa shi.

Ga akwatin nan, nashi ne na gada. Pans biyu, almakashi mai lanƙwasa, bisturi wuƙar fiɗa, allura mai kamar ƙugiya, zare, auduga. Igiyar nan kuwa da kuke rainawa ta fi su duka, don dabbar da ba ka ɗaure da kyau ba ita za ta yi maka aikin ido. Ku dubi tabon da ke girata, raƙumin wani Buzu ne a bayan Mayahi, na yarda da ɗaurin da ba ni na yi ba. Ita kuma wagga buta da kuke yi wa dariya kullum in na ɗaura ta bayan moto, babur ɗina, ku yi haƙuri, za mu zo kanta.

Wani jaki a Hawandawaki shi ya koya mini halin masu dabba. An ce mini ƙaya ce ta soke shi. Na buɗe ido na tarar da garin taba, na wanke na tarar da toka, na ƙara wankewa na tarar da wani baƙin abu da mai jakin ya rantse bai san shi ba, sai matarsa ta leƙo ta bayan darni ta ce cikin batir ne. Haka suke. Ba su zuwa wurinka sai kowa a gari ya gwada nashi, in ido ya fashe kuma kai ne na ƙarshe da ya taɓa. Ba mugunta ba ce, tausayi ne ya yi musu yawa, ga mu da nisa, ga yashi a hanya.

Akwai kuma wanda ba ka kira amma kullum shina nan. Duk inda aka kayar da dabba, ka waiwaya, za ka ga mahauci tsugune a inuwa da wuƙa a kube. Ba don mugun fata ba. In dabba ta shiga hannun likita ta fara tafiya, dole a samu mai yankawa kafin rai ya fita, kada ta zama mushe a yi asara biyu. Nawa mahaucin Ɗan Tani ne, gajere, mai murya kamar an taka kwano. Tun muna samari yake bina. Yakan ce, "Likita, yi naka, in ka kasa ga ni." Ni kuma in ce mishi ya koma gida yau ba shi da rabo. Mutum ne mai tsare ƙa'ida fiye da liman. Ba ya yanka sai mai dabba ya ce a yanka da bakinsa, ba ya yanka sai ya fuskantar da ita gabas, ba ya yanka sai ya ba ta ruwa ta sha. Ko tunkiyar da ke shure-shure sai ya buɗe bakinta ya ɗura mata daga butarsa.

Sai mummunar shekarar nan, wadda damina ta ɗauke gero na da ciki. Wasunku lokacin suna lakwal, ƴan makaranta, ba za ku tuna ba. Ciyawa ta ƙare tun kafin sanyi ya wuce, shanu suna cin leda suna lasar bango. Shekarar nan ban yi aikin likita ba, aikin gyaɗa kai na yi. A kawo saniya a amalanke, in duba, in gyaɗa wa Ɗan Tani kai. Har na fara jin kunyar ɗaukar akwatin nan, wallahi, don ban san abin da nake ɗaukarsa in yi ba.

Cikin wannan hali, wata safiya da bazara, amalanken jaki ya tsaya nan ƙofar sarwis, daidai inda motocinku suke. Ba dabba a kai, sai rabin tano, durom na roba, an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Wani dogon mutum baƙi ya sauko, ya yi sallama da wata irin Hausa ta mutanen yamma. Ya ce sunansa Garba, Basarke ne, masunci daga bakin kogi wajen Gaya. Ya ce, "Likita, an ce kai ka iya ido."

Na ce, "Ina dabbar?"

Ya yaye buhun. Na leƙa na ga ruwa da yashi a ƙasa, ban ga komai ba. Sai yashin ya motsa. La ilaha! Wani abu ne faffaɗa, kamar faifai, launin ƙasa, da doguwar wutsiya siririya. Ba kai, ba ƙafa, ba gaba, ba baya. Na ja da baya har na taka ƙafar Ɗan Tani, wanda ban ma san sa'ad da ya iso ba.

Garba ya ce, "Kunamar ruwa ce. Kifi ne, kada ka ji tsoro, na yanke ƙarin."

Ɗan Tani ya ce, "Kifi? Wanga? Malam, ka ji tsoron Allah."

A taƙaice ga labarinsa. Kamu ya lalace musu a kogi, jirginsa ya ruɓe, ya rasa na gyara. Ranar da wagga ta faɗo komarsa da rai, sai ya tuna akwai ƙasar da mutane ba su taɓa ganin kogi ba. Ya ɗauko ta, ya ɗauko tsohuwarsa da ƴaƴansa, ya kama ɗaki a Tasawa, yana bin kasuwanni da ita. Ya kafa rumfar buhu, mai son gani ya ba da abin da ya samu, wani ɗan gero, wani ɗan wake. Ko a shekarar yunwa mutane ba su daina son ganin abin mamaki ba. Da ita gidansa ke ci, ba su da gona, ba su da dangi a nan. To a kasuwar Mayahi wani ya ce ƙarya ne, roba ce, ya ɗauki karan gero ya tsokane ta. Karan ya karye a ido. Tun ranar ba ta ci ba, ko tanar da ya tono mata a bakin rijiya ba ta taɓa ba.

Ya ce, "In ta mutu, likita, ban san abin da zan gaya wa tsohuwa ba. Ko kuɗin motar komawa ba mu da shi."

Na duƙa na duba. Idanu biyu ne a bisa, kamar na kwaɗo. Na dama ya kumbura ya yi fari, ga bakin karan ya ɗan leƙo. Amma bayan kowane ido ga wani rami yana buɗewa yana rufewa. Na ce, "Subhanallahi, ai har wuri biyu aka huda ta." Garba ya ce a'a, da su take numfashi. Na ce to ina hancin? Ya ce yana ƙasa. Baki fa? Yana ƙasa. Na ce ita da idonta ke bisa bakinta ke ƙasa, ta yaya take ganin abin da take ci? Ya ce shi ma bai taɓa tambayarta ba.

Ku da aikin ido bai yi muku wuya, ku gaya mini. Ina zan sa igiya? Wace ƙafa zan ɗaure? In na fitar da ita daga ruwa ta mutu, in na bar ta a ruwa pomad ya wanke. Allurar barci da muke yi wa tumaki, a wace jijiya? Na nemi fatar ido, wadda na ce muku ita ce rabin maganinmu, babu, ido ne tsirara. Duk abin da Abdu Bawa ya koya mini na jera a kaina, ko guda bai shiga ba. Na so in ce mishi wannan ba aikina ba ne. Amma shekara guda ina gyaɗa kai, ga mutum ya zo ya ce an ce na iya ido.

Na tuna wani abokin karatuna da ke aikin tafkunan kiwon kifi can wajen babban birni. Na hau bisa amalanken da waya a hannu ina neman rezo, na same shi da ƙyar. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce, "Kanumfari, Isufu. Ka daka ka jiƙa, ka rinƙa zuba mata a ruwa kaɗan-kaɗan har ta yi lis. Ka yi aikinka da sauri, fata a jiƙe. In ka gama kuma, abin da ya fi komai, sai ka..." Ƙit, layi ya yanke. Na kira, na sake kira, na juya gabas na juya yamma. Shiru. In na gama sai in yi mi? Allah kaɗai Ya sani.

Kanumfari dai, wanda mata ke sawa a kunu. Na aika kasuwa aka sayo, matar mai gadi ta daka mana, muka jiƙa a kwano muka tace. Kafin nan labari ya zaga, ƙofar sarwis ta cika, har masu sayar da ruwa sun ajiye kurarsu. Muka juye ta a babbar tasa da ruwa daidai rufe baya. Na zuba kaɗan, ba abin da ya faru. Na ƙara. Ta kaɗa gefenta kamar mai tankaɗe. Na ƙara, don ni ban san mene ne kaɗan a wurin kifi ba. Can sai wutsiya ta saki, ramukan nan na bayan ido suka rage sauri. Garba ya sa tafin hannu ƙarƙashinta ya ɗago gefen dama sama da ruwa, ya ce, "Bisimilla, likita."

Aikin kansa, in gaya muku gaskiya, shi ne mai sauƙin. Hannu ya san hanyarsa ko kai ya ruɗe. Na kama bakin karan da pans na ja, ya fito da tsawon gaɓar yatsa, ruɓaɓɓen ruwa ya biyo shi. Idon ya riga ya mutu, ba abin ceto, in na bar shi zai ruɓar da sauran. Na zagaye shi da almakashi mai lanƙwasa na cire, na danna auduga har jinin ya tsaya, na wanke ramin, na cusa pomad. Fatar gefen na jawo na ɗinke, tauri gare ta kamar ƙirgi, allura ta lanƙwashe a hannuna. Na ɗago kai ina jin daɗi, na ce an gama.

Garba yana kallon ramukan numfashin. Sun tsaya cik.

Ya zare hannunsa, ta kwanta a gindin tasa kamar tsumma. Ya taɓa wutsiya, ba motsi. Ya ce, "Likita, barci take ko ta tafi?" Na sa yatsa ina neman bugun zuciya, ban san ma inda zuciyar take ba. Na kara abin sauraro a bayanta, ruwa kawai nake ji. Dabba in ta mutu ido muke dubawa, ga ido ɗaya na cire, ɗayan kuwa ba ya ƙiftawa ko tana da rai. Muka tsaya muna kallonta cikin ruwan kanumfarin nan, muna jira ta farka don kanta, yadda tunkiya ke yi. Na ce mishi, "Malam Garba, wallahi ban sani ba." Ban taɓa jin nauyin magana irin wannan ba.

Sai ga muryar Ɗan Tani. "To ku matsa, kada ta yi mushe."

Wani daga cikin taron ya ce ai kifi ba a yanka shi. Ɗan Tani ya ce, "Wa ya ce maka kifi ne? Ka taɓa ganin kifi da wutsiyar ɓera? Abu mai jini, na ga jinin da idona. In an ci ba yanka, alhakin a wuyan wa?" Gardama ta kaure, wasu na cewa kifi, wasu kunama, wata tsohuwa ta ce aljani ne a mayar da shi inda aka ɗauko. Ɗan Tani ya daka musu tsawa, ya juya wurin Garba, ya sassauta murya. "Baƙo, kai ke da dabba. Sai ka ce."

Garba ya dubi tasar. Sannan ya ce, "Ku yi yadda kuka saba a ƙasarku. Yunwa ake, kada ta tafi a banza." Ya tashi ya nufi bangon can, ya kifa goshinsa a kai, ya ba mu baya.

Ɗan Tani ya tsamo ta ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, ya zare wuƙa, sai ya tsaya. Ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu. Ya ce, "Likita, ina wuyan?" Na ce ni ka tambaya? Ya ce to ina gaban, in fuskantar da ita gabas? Ya juya ta, wutsiya ta dubi gabas, ya ce a'a, ya sake juyawa. Gumi na zuba mishi. A ƙarshe ya birkice ta, sai ga farin ciki sol, ga ɗan baki, ga wasu tsage-tsage a jere ƙarƙashinsa. Ya ce, "Yauwa, ga baki. Inda baki yake, wuya na kusa." Ya ajiye wuƙa ya ɗauki butarsa, don ko duniya za ta tashi ba ya yanka abin da bai ba ruwa ba. Ya sa bakin buta a bakinta ya tuttula. Ruwan ya fito ta tsage-tsagen nan. Ya ce, "Ka ga ba ta haɗiye ba." Ya ƙara. Ya sake fitowa. Ya fusata, ya karɓi bidon, jarkar wani mai sayar da ruwa, ruwan fanfo mai sanyi, ya cika buta ya yi ta ɗura mata yana mita, wai shi ba a taɓa mayar mishi da ruwa ba.

A buta ta nawa ne ban sani ba, na ga tsage-tsagen sun buɗe sun rufe. Na ce idona ne. Ɗan Tani ya ɗauki wuƙa ya ce, "Bismillahi," sai wutsiya ta tashi ta zabga mishi a kunci, fyaɗ! Ya yar da wuƙa ya faɗi zaune yana ihu ta harbe shi. Taro ya watse, mata na salati. Ni kuwa ban san lokacin da na sure ta da buhun gaba ɗaya na jefa cikin tanonta ba, inda ruwanta mai kyau yake. Ta nutse, ta kwanta a karkace, ta gyara, sannan ta kaɗa gefe ta watso ruwa har rigata.

Daga baya, da rezo ya dawo, abokina ya ƙarasa mini maganarsa: in ka gama, ka mayar da ita ruwa mai kyau, ka rinƙa kora mata shi ta baki har ta farka. Da mun ƙara jinkiri cikin tasar nan, shi ke nan. Na gaya wa Ɗan Tani shi ya tashe ta, ya ce kada in ɓata mishi suna, shi yanka ya zo yi. Har ya rasu muna wannan gardama. Butar nan tasa ce, ƴaƴansa suka ba ni.

Amma Garba duk abin nan bai juyo ba. Ya ji ihu, ya ji fantsamar ruwa, ya ɗauka shure-shuren yanka ne. Na je na dafa kafaɗarsa. Bai ɗago goshi daga bangon ba, ya ce, "An gama? Ku rabar, likita, kada ku kai mini gida. Yaran sun sa mata suna."

Na ce, "Malam Garba, wane suna?"

Ya ce, "Hajiya."

Na ce, "To zo ka tono wa Hajiya tana, na ga kamar yunwa take ji."